‘Fue’: Kalmar Sifaniyanci mai harshen damo da ya kamata masu cinikin fata a Challawa su sani

A harshen Sifaniyanci akwai wata 'yar kalma mai haruffa uku, ‘fue’, wadda ake furtawa kamar a ce “fuwe”. A wata jimlar tana nufin “ya tafi”, a wata kuma tana nufin “ya kasance”, wani lokacin ma ita ce ke ɗauke da ma'anar “an yi”. Rubutunta ba ya canzawa, furucinta ma haka. Kalmomin da ke kewaye da ita ne kaɗai ke nuna inda ta dosa.

Ga matashin da ke bibiyar wasannin La Liga a gidan kallo, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Amma ga ɗan kasuwar da ya loda kwantenar fata a Challawa, yake kuma dakon kuɗinsa daga wani kamfanin takalma a Sifaniya, tazarar da ke tsakanin “an biya” da “ya je biya” tana iya kai miliyoyin naira. A Sifaniyanci duka jimlolin biyu da ‘fue’ suke farawa: ‘fue pagado’ da ‘fue a pagar’.

Abin da ya haɗa Challawa da Sifaniya

Rukunin masana'antu na Challawa, da ke yankin Panshekara a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, yana daga cikin wuraren da kamfanonin jimar fata suka fi taruwa a Najeriya. Akwai wasu kuma a Sharaɗa da Bompai. Fatun awaki da na tumaki da dillalai ke tattarowa daga kasuwannin Arewa da na maƙwabtan ƙasashe a nan suke sauka, a jeme su, a ware su daraja-daraja, a auna, sannan a yi waje da kaso mai yawa daga cikinsu. Italiya da Sifaniya suna sahun gaba a jerin masu saye.

A can Sifaniya, garuruwan Elche da Elda da ke lardin Alicante sun yi suna wajen ƙera takalma. Ubrique da ke lardin Cádiz ta shahara da ɗinkin jakunkuna, ita kuwa Igualada da ke kusa da Barcelona tsohuwar matattarar majema ce. A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da Tashar Tsandauri ta Dala a Zawachiki, dab da Panshekara, domin sauƙaƙa wa masu fitar da kaya irin waɗannan.

Alaƙar ba ta yau ba ce. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ratsa hamada a kan raƙuma, har Turawa suka riƙa kiran ta “fatar Maroko” saboda ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa gare su. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman fata da jemammun fatu suna cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Tun kafin shi, Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Granada a ƙarshen ƙarni na 15, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir a littafinsa da aka buga a Venice a 1550.

Mulkin Musulmi a Andalus, daga shekarar 711 zuwa 1492, ya bar wa Sifaniyanci ɗimbin kalmomin Larabci, wasunsu kuwa Bahaushe ma ya aro su daga tushe guda. ‘Alcalde’, wato magajin gari, da “alƙali” duk daga kalmar Larabci ɗaya suka fito. Haka ‘azúcar’ da “sukari”, haka ‘aceituna’ da “zaitun”. Kalmar ‘almacén’, wato sito, wadda ba a rasa ta a saƙonnin ciniki, ita ma asalinta Larabci ne.

A yau da Turanci ake rubuta galibin kwangilolin fitar da kaya. Sai dai ciniki ba ya ƙarewa a takardar kwangila. Akwai gajerun saƙonnin WhatsApp, akwai wasiƙun da abokin hulɗa kan turo kai tsaye daga akawunsa ko bankinsa ba tare da an fassara ba, akwai takardun masu dakon kaya a tashoshin Valencia ko Algeciras. A irin waɗannan wurare ne Sifaniyanci ke kutsowa, a nan ne kuma ake tuntuɓe.

Aikatau biyu a riga ɗaya

Sifaniyanci yana da aikatau ‘ser’, mai nufin “kasance” ko “zama”, da kuma aikatau ‘ir’, mai nufin “tafi” ko “je”. A lokaci mai ci ba sa kama da juna ko kaɗan: ‘es’ na nufin “shi ne”, ‘va’ na nufin “yana tafiya”. A lokaci mai zuwa ma kowanne da kamanninsa: ‘será’ da ‘irá’.

Da zarar an koma shuɗaɗɗen lokaci, a kan abin da ya auku ya ƙare, sai su biyun su shiga riga ɗaya. ‘Fui’ na nufin “na je” ko “na kasance”. ‘Fuiste’ na nufin “ka je” ko “ka kasance”. ‘Fue’ ta mutum na uku ce. A jam'i kuma akwai ‘fuimos’ da ‘fuisteis’ da ‘fueron’. Babu ko ɗaya daga cikin shidan da ke da alamar da za ta nuna ko ta ‘ser’ ce ko ta ‘ir’.

Wani abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne Sifaniyanci ba ya tilasta a ambaci mai aikin. Bahaushe dole ya ce “ya tafi” ko “ta tafi” ko “ka tafi”, don haka mai sauraro ya san jinsin wanda ake magana a kansa. Basifaniye kuwa ‘fue’ kawai zai ce. Mai tafiyar yana iya zama namiji, yana iya zama mace, yana iya zama kaya ko kuɗi. Yana ma iya zama wanda ake yi wa maganar, domin kalmar girmamawa ta ‘usted’, wadda ta yi kama da “ku” da Bahaushe ke ce wa babba, da sigar mutum na uku take tafiya.

Yadda abin ya samo asali

Sifaniyanci ɗaya ne daga cikin 'ya'yan harshen Latin na Rumawa, tare da Faransanci da Italiyanci da harshen Fotugal. A Latin, aikatau mai nufin “kasance” shi ne ‘esse’, shuɗaɗɗen lokacinsa kuma ‘fui’, ‘fuisti’, ‘fuit’. Daga ‘fuit’ ne ‘fue’ ta fito. Ke nan tun asali kalmar ta “kasancewa” ce.

Shi kuwa aikatau na “tafiya”, wato ‘ire’, sigoginsa gajeru ne ƙwarai, wasu ba su wuce wasali ɗaya ko biyu ba. Da harshe ya yi ta gogewa a bakin jama'a, sai waɗannan sigogi suka riƙa ɓacewa, masu magana suka cike gurbinsu da aro. A lokaci mai ci suka aro daga wani aikatau, ‘vadere’, wanda ya haifar da ‘voy’ da ‘va’ da kuma ‘vamos’ da masu kallon ƙwallo suka saba ji. A shuɗaɗɗen lokaci kuma suka aro daga ‘esse’. Shi ya sa aikatau ‘ir’ na yau gamin gambiza ne na tushe uku.

Hikimar aron ba ta da wuyar ganewa. Wanda ya ce “na kasance a Legas makon jiya” ai ya shaida cewa ya je Legas. Kasancewa a wuri a baya tana tabbatar da zuwa wurin. A harshen Fotugal ma haka abin yake, inda ‘foi’ ke ɗaukar ma'anonin biyu.

A da ana rubuta kalmar da alama a kan wasalin ƙarshe, wato ‘fué’, kuma har yanzu akan ci karo da ita haka a tsofaffin takardu. Dokokin rubutu na cibiyar Real Academia Española, wadda aka kafa a Madrid a 1713 domin kula da harshen, sun cire alamar daga ‘fue’ da ‘fui’ da ‘vio’ da ‘dio’ tun daga 1959. Ko a wancan lokacin alamar ba ta bambanta ma'anonin biyu ba.

Yadda ake gane inda ta dosa

Mai harshen ba ya ruɗewa, domin kunnensa ya saba duba abin da ya biyo bayan kalmar. Baƙon harshe ma zai iya koyon haka.

Idan ‘a’ ko ‘al’ ta biyo baya tare da sunan wuri, tafiya ake nufi. ‘El gerente fue a Madrid’ na nufin manaja ya tafi Madrid. ‘Fue al banco’ na nufin ya je banki.

Idan ‘a’ ta biyo baya tare da wani aikatau mai ƙarewa da ‘r’, nan ma tafiya ce, amma tafiya da niyyar yin wani abu. ‘Fue a pagar’ na nufin ya je domin ya biya. Jimlar ba ta ce ya biya ba. Ƙila ya tarar da banki a rufe.

Idan kalmar da ta biyo baya ta ƙare da ‘ado’ ko ‘ada’ ko ‘ido’ ko ‘ida’, to an riga an aikata abin. ‘La factura fue pagada’ na nufin an biya kuɗin da ke kan takardar. ‘El contenedor fue retenido’ na nufin an tsare kwantenar. ‘La piel fue rechazada’ na nufin an ƙi karɓar fatar.

Idan suna ko sifa ne suka biyo baya, kasancewa ake nufi. ‘Fue un error’ na nufin kuskure ne aka yi. ‘Fue caro’ na nufin ya yi tsada.

Idan ‘se’ ta zo kafinta ba tare da wani aikatau a baya ba, ‘se fue’, to mutum ya tashi ya bar wurin.

Duk da haka akwai jimlolin da ba sa warwaruwa sai an san zancen da ya gabata. ‘Fue el lunes’ tana iya nufin “ranar Litinin aka yi”, tana kuma iya nufin “ranar Litinin ya tafi”. Idan mai kaya ya tambayi lokacin da aka tura kuɗi, da kuma lokacin da wakilin kamfani ya je duba kaya, duk a saƙo ɗaya, aka kuma ba shi wannan amsa, to bai san wacce tambayar aka amsa ba. Mutanen Sifaniya sukan yi amfani da wata sigar idan abin bai jima da faruwa ba, ita kuwa tana raba gardama: ‘ha sido’ ta kasancewa ce, ‘ha ido’ ta tafiya ce.

Sauran 'yan uwanta

‘Fue’ ba ita kaɗai ba ce. Akwai gajerun kalmomi da dama masu irin wannan hali, kuma da yawansu ana cin karo da su a zancen ciniki.

‘Di’ na nufin “na bayar”, daga aikatau ‘dar’, tana kuma nufin “faɗi”, a matsayin umarni daga aikatau ‘decir’. Saboda haka ‘di el precio’ tana iya zama “na ba da farashi” ko “faɗi farashi”. A ta farko mai saye yana jiran amsa, a ta biyu kuwa tayi yake nema.

‘Ve’ na nufin “yana gani”, tana kuma nufin “je ka”. ‘Ven’ na nufin “suna gani”, tana kuma nufin “zo”. ‘Sé’ na nufin “na sani”, tana kuma nufin “ka kasance”.

‘Sal’ na nufin “fita”, amma kuma ita ce sunan gishiri, wanda duk mai harkar ɗanyar fata ya san muhimmancinsa wajen hana ta ruɓewa. ‘Vino’ na nufin “ya zo”, kuma ita ce sunan giyar inabi. ‘Vino el martes’ ba ta da wata alaƙa da abin sha: “ya zo ranar Talata” kawai take nufi.

‘Debe’ kuwa tana da fuska uku. ‘Debe 5.000 euros’ na nufin ana bin sa Yuro dubu biyar. ‘Debe pagar’ na nufin wajibi ne ya biya. ‘Debe de haber pagado’ na nufin da alama ya biya, wato zato ne, babu tabbas.

Akwai wata dabara da ke rage ruɗani a nan. Sigogin umarni na ‘di’ da ‘ve’ da ‘ven’ da ‘sal’ da ‘sé’ na tsakanin sa'o'i ne da waɗanda aka saba da su. Wanda ke rubuta wasiƙar girmamawa da ‘usted’ zai ce ‘diga’, ‘vaya’, ‘venga’, ‘salga’, ‘sea’. Don haka idan wasiƙa ta hukuma ce, aka kuma ga ‘di’ a ciki, mafi rinjayen zato shi ne “na bayar” ake nufi.

'Yar alamar da ke kan wasali

Inda hatsarin ya fi yawa ga ɗan kasuwa shi ne aikatau ‘pagar’, wato “biya”. Sifaniyanci yana ɗora wata 'yar karkatacciyar alama a kan wasali domin nuna gaɓar da ake dannawa wajen furuci, kuma wurin da alamar ta sauka yana sauya ma'ana baki ɗaya.

‘Pago’ na nufin “ina biya”, ko kuma biyan kansa. ‘Pagó’ na nufin “ya biya”. ‘Pague’ na nufin “ku biya”, umarni ne cikin ladabi. ‘Pagué’ na nufin “na biya”. Haka lamarin yake ga aikatau ‘enviar’, wato “aika”: ‘envío’ na nufin “ina aikawa” ko kayan da aka aika, ‘envió’ na nufin “ya aika”, ‘envíe’ na nufin “ku aika”, ‘envié’ na nufin “na aika”.

Matsalar ita ce mutane da yawa, a Sifaniya kamar ko'ina, ba sa damuwa da alamomi idan suna rubutu a waya cikin gaggawa. Saƙon da ya ce ‘pague el flete’ ba tare da alama ba, a ƙa'ida yana nufin “ku biya kuɗin dako”. Amma idan mai rubutun ya manta alamar ne, abin da yake nufi shi ne “na biya kuɗin dako”. Idan kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ne zai biya, kaya za su zauna a tasha, kuɗin ajiya yana hauhawa kullum.

Sai kuma ‘pagaré’, wadda ke nufin “zan biya”, amma kuma ita ce sunan takardar alkawarin biyan kuɗi a wata rana mai zuwa, wadda kamfanonin Sifaniya ke yawan amfani da ita a tsakaninsu. Wanda aka ce an aika masa ‘pagaré’, alkawari aka aika masa a rubuce, kuɗi na nan gaba.

Akwai ma inda babu alamar da za ta yi ceto. ‘Pagamos’ na nufin “muna biya” da kuma “mun biya”. Haka ‘enviamos’ da ‘recibimos’. Tun da Sifaniyanci yakan yi amfani da lokaci mai ci wajen faɗin abin da ke tafe, ‘pagamos el viernes’ tana iya nufin “mun biya ranar Juma'a”, tana kuma iya nufin “ranar Juma'a za mu biya”. Jimlolin da ba su da harshen damo su ne ‘ya hemos pagado’, wato “mun riga mun biya”, da ‘pagaremos’, wato “za mu biya”.

A lura kuma da lambobi. A Sifaniya an saba raba dubbai da ɗigo, a raba ɓangaren kuɗi da waƙafi, akasin yadda ake yi a Najeriya. 5.000 dubu biyar ne, 1,50 kuwa ɗaya da rabi ne.

Hausa ma tana da nata

Kafin a ga baiken Sifaniyanci, yana da kyau a waiwayi gida. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. A ƙamusoshi ne da littattafan nahawu, irin ƙamusun G. P. Bargery na 1934, ake sanya alamominsu. Ajami yakan nuna dogon wasali, amma shi ma ba ya nuna karin sauti. Shi ya sa “gari” na zama da “gari” na tuwo suke rubutu ɗaya, haka “kuka” ta miya da “kuka” na hawaye, haka “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala.

Abin ya fi tsanani a wakilin suna da ke gaban aikatau. A rubuce, “ya biya” jimla ɗaya ce. A baki kuwa ta kasu. Idan aka ja “ya” da sauti sama, an riga an biya. Idan aka gajarta ta da sauti ƙasa, umarni ne ko buƙata. Idan aka ja ta sautin ya faɗo daga sama zuwa ƙasa, ana kyautata zaton zai biya nan gaba. Saboda haka saƙon da ya ce “Alhaji ya biya kafin Juma'a” yana iya zama albishir, yana iya zama gargaɗi. “Ka sa hannu” a kan fayil tana iya zama shaida cewa an sa, tana iya zama umarnin a sa. “Na biya” ma tana iya zama “na riga na biya” ko “na dai biya wata rana”. Wannan ita ce matsalar ‘pague’ da ‘pagué’, sai dai Hausa ba ta da ko alamar da za a ce an manta.

A jam'i harshen ya raba gardama da kansa, domin “sun biya” daban take da “su biya”, “kun biya” daban da “ku biya”, “an biya” daban da “a biya”. Wanda ya girmama abokin cinikinsa ya rubuta “Alhaji sun biya” ya tsira daga ruɗanin da wanda ya rubuta “Alhaji ya biya” zai iya jawowa.

Masana harshe suna bambanta irin wannan da wani nau'in, inda kalma ɗaya mai tushe ɗaya ke yaɗuwa ta ɗauki ma'anoni da yawa. Aikatau “ci” shi ne babban misali: ci abinci, ci riba, ci bashi, ci kasuwa, ci jarrabawa, ci amana, ci tara. Ita ‘fue’ kalmomi biyu ne da tarihi ya haɗa su a siga ɗaya. Maganinsu dai guda ne, wato a duba abin da ya biyo baya.

Akwai ma inda harsunan biyu suka bi hanya ɗaya. “Za” ta “za ni kasuwa” ta tafiya ce, ita ce kuma ke nuna lokaci mai zuwa a “za mu biya”. Basifaniye ma da aikatau na tafiya yake cewa ‘vamos a pagar’, wato “za mu biya”.

Inda manhajar fassara ke gazawa

Tun a watan Disambar 2013 Google Translate ya sanya Hausa a jerin harsunansa, kuma manhajojin fassara sun sauƙaƙa wa 'yan kasuwa abubuwa da yawa. Sai dai manhaja da abin da aka ba ta take aiki. Idan aka liƙa mata doguwar jimla cikakkiya, takan gane ko ‘fue’ tafiya ce ko kasancewa. Idan aka ba ta kalma biyu ko uku da aka tsinto daga tsakiyar hira, dole ta yi canke, kuma ba za ta nuna cewa canke ta yi ba. Ma'ana ɗaya za ta bayar kamar babu wata.

Haka kuma idan mai rubutu ya bar alamar wasali, manhaja ba ta da hanyar sanin ko da gangan ya bari. Idan kuma fassarar ta fito da Hausa ta ce “ya biya”, an fita daga harshen damo ɗaya ne an faɗa wani.

Matakan kariya

Na farko, kada a fassara guntun saƙo shi kaɗai. A haɗa shi da tambayar da ta jawo shi da saƙonnin da suka gabace shi.

Na biyu, duk maganar da ta shafi kuɗi ko ranar loda kaya ko ƙin karɓar kaya, a mayar wa mai ita da tambayar da amsarta “e” ce ko “a'a”, tare da kwanan wata da adadi a lambobi. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, kalmar aikatau ba shaidar biya ba ce a kowane harshe. Shaida ita ce takardar tura kuɗi ta SWIFT daga bankin mai saye, da tabbacin bankin mai kaya cewa kuɗi sun shigo. Wannan na da muhimmanci domin ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta tanadi cewa wanda ya fitar da kayan da ba na man fetur ba a ƙarƙashin fom ɗin NXP ya dawo da kuɗinsu gida cikin kwana 180. Wanda ya zauna a kan “an biya” alhali “za a biya” aka ce masa, kwanakinsa ne ke ƙarewa.

Na huɗu, kwangila ta fayyace harshen da za a yi hukunci da shi idan saɓani ya taso, sannan duk takardar da za a sa wa hannu a kai ta ga ƙwararren tafinta.

Na biyar ya shafi rubutun Hausa tsakanin 'yan gida. A ƙara kalma ɗaya da za ta kore shakka: “ya riga ya biya” ko “lallai ne ya biya”, “ka riga ka sa hannu” ko “don Allah ka sa hannu”.

Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutane kusan miliyan 500, yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma cikin harsunan hukuma na Tarayyar Afirka. Ba sai an haye Bahar Rum za a ji shi ba, domin shi ne babban harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Najeriya ta teku, wadda ta sami 'yancin kai daga Sifaniya a 1968. Ma'aikacin gwamnati da ke karɓar takardun ƙasashen waje da ɗan kasuwar da ke jiran kuɗin fatarsa ba lallai ne su iya harshen ba. Abin da ya kamata su riƙe shi ne jerin gajerun kalmomin nan, ‘fue’ da ‘di’ da ‘debe’ da ‘pague’ da ‘pagamos’ da ‘pagaré’, domin duk inda ɗaya daga cikinsu ta fito kusa da adadin kuɗi, wajibi ne a sake tambaya kafin a saki kaya.